Rayuwar Magabata: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo Mai Gwandu da Amanar Alƙalanci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai hukunci da adalci, wanda babu abin da ke ɓuya gare Shi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, a wannan fitowa mun ɗauko tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa, Allah Ya jiƙan su baki ɗaya. Mun zaɓe shi ne saboda wata damuwa da ke tare da mu a nan ƙasar Arewa. Tun daga Dogon Dutsi da Matankari har zuwa Tibiri da Kore Mairuwa, babu damina ko kaka da za ta wuce ba a ji rigimar iyakar gona ko ɓarnar dabbobi ko rabon gado ba. Sau da yawa wanda aka kayar yakan koma gida da zargi a zuciyarsa, ko dai yana ganin mai hukunci ya karɓi wani abu, ko kuwa yana ganin ɗan'uwan abokin shari'arsa ne. Waɗannan abubuwa biyu, watau abin da alƙali zai ci da kuma karkatarsa, suna daga cikin abubuwan da suka hana Malam Abdullahi barci, har suka fitar da shi daga cikin rundunar da shi da kansa ya jagoranta.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Abdullahi a shekara ta 1180 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1766 zuwa 1767 na Miladiyya, a ƙasar Gobir. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754, ya girme shi da shekara 12. Mahaifinsu shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsu kuwa Hauwa'u, kuma gidansu gidan ilmi ne na Fulani Toronkawa tun kaka da kakanni.

A hannun mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 aka damƙa shi ga yayansa, ya zama ɗalibinsa kuma abokin tafiyarsa. Bai tsaya ga Shehu kaɗai ba. Ya karanci nahawu da sarfu da fiƙihu da usulu da hadisi da tafsiri a wajen malamai masu yawa, mafi yawansu danginsa ne, kuma ya ɗebi ilmi wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin da Shehu kansa ya bi har Agadas. Daga baya ya rubuta littafi mai suna *Ida'un Nusukhi* inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wajen kowanne. Wannan ya ishe mu shaida a kan halinsa, domin mutum ne mai mayar wa kowa haƙƙinsa, ko da haƙƙin bai wuce na ambaton suna ba.

Shehu ya fara kiran mutane zuwa ga addini a 1188 bayan Hijira, wajen 1774. Daga mazauninsu na Degel suka shiga ƙasar Kabi, sa'an nan suka zauna a Zamfara kimanin shekara biyar suna wa'azi da karantarwa. A duk wannan yawo Abdullahi yana tare da shi, yana rubutu, yana karantarwa, yana mayar da martani ga malamai masu suka da waƙoƙin Larabci.

Zinariyar Magami

Wajen shekara ta 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar babbar salla, ya fito da dukiya don ya raba musu. Masana tarihi sun ambata cewa rabon Shehu ya kai miskali 500 na zinariya. Shehu bai karɓa ba. A maimakonta ya nemi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda aka tsare, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince da su duka.

Malam Abdullahi yana wurin, yana da shekara ashirin da ƴan kai. Ya ga da idonsa yadda ƙin karɓar kyauta ya buɗe bakin malami a gaban sarkin da kowa ke tsoro. Da Shehu ya ɗauki zinariyar nan, da wuya harshensa ya iya furta maganar fursunoni da ta haraji. Wannan darasi ne ya bi Abdullahi har ƙarshen rayuwarsa.

Shehu kuwa, a littafinsa *Kitabul Farƙi*, ya lissafa miyagun al'adun mulki na wancan zamani, ya ambaci gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da cin dukiyar mamaci da sunan gado, da kuma ba alƙalai rashawa. Ashe ke nan gyaran shari'a yana cikin ainihin abin da jama'ar ta tashi a kansa tun farko.

Hijira da jihadi

Bayan Bawa al'amura suka yi tsanani, musamman a zamanin Nafata da ɗansa Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne na farkon wanda ya miƙa hannu. A watan Yuni na wannan shekara shi ya jagoranci rundunar da ta karya Yunfa a Tabkin Kwatto. Kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutum kimanin 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A 1805 ya jagoranci yaƙin da aka ci Birnin Kabi, jama'a ta koma Gwandu da zama, sa'an nan aka sake yin babbar asara a Alwasa a ƙarshen shekarar.

A nan akwai abin lura. Waɗanda suka mutu a Tsuntsuwa da Alwasa su ne tsofaffin ɗaliban Degel, mutanen da suka yi shekaru suna karatu kafin su riƙi takobi. Da suka tafi, sai gurbinsu ya cika da waɗanda ganima ta kawo. Ƙasa tana ƙara faɗi, ana bukatar alƙalai da masu riƙon gari, amma masu ilmi da tsoron Allah suna ƙara ƙaranci.

Tafiyar Kano

A shekara ta huɗu bayan hijirar Gudu, wajen 1807, runduna ta fita zuwa Alƙalawa. A kan hanya Malam Abdullahi ya rabu da ita, ya fuskanci gabas da ƴan mutane ƙalilan, da niyyar zuwa Makka da Madina ba tare da ya komo ba. Ya bayyana dalilinsa a littafinsa *Tazyinul Waraƙati*, wanda ya rubuta a 1813. A taƙaice, ya ga abokansa na gaskiya sun ƙare, ya ga waɗanda suka rage sun karkata ga neman sarauta da tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma da dawakin ado, ga kiɗe-kiɗe, ga cin ganima da rashawa. Ya koka a kan sayar da ƴaƴa a kasuwa kamar bayi, ya kuma koka a kan waɗanda suka shiga rigar alƙalanci alhali ba su cancance ta ba.

Ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Wannan kuka na wazirin Shehu ne, na wanda ya ci Tabkin Kwatto, kuma a kan mutanensa ya yi shi. Bai ce tun da namu ne a rufa musu asiri ba. Ma'aunin da ya auna Gobirawa da shi, da shi ya auna jama'arsa.

Da ya isa Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen birnin suka tare shi suka roƙe shi ya zauna. Ya shaida musu cewa abin da ya gudo dominsa ya tarar da shi a wurinsu. Sai suka nemi ya rubuta musu littafin da za su riƙa komawa gare shi wajen hukunci. Ya rubuta musu *Liya'ul Hukkami*, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Ya ambata cewa sun tuba, har sun mayar da kayan kiɗansu mazubin abincin dawaki. Daga nan ya fasa tafiyar ya koma wajen Shehu. Allah bai ƙaddara masa aikin hajji ba, amma ya bar wa ƙasar Hausa littafin da sarakuna da alƙalai suka daɗe suna aiki da shi.

Littafin ya yi magana a kan hijira, da naɗin shugaba da abin da ya hau kansa, da mataimakansa irin su waziri da alƙali, da jihadi, da siyasar shari'a. Malam Abdullahi bai ƙago sabon abu ba. Ya tattaro ne daga manyan malaman mazhabar Imamu Malik, kamar Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya rubuta masa nasiha a kan wajibobin sarakuna. Saboda haka bari mu duba abin da mazhabar ta tabbatar a kan mas'alolinmu biyu, domin shi ne abin da ya karanta, ya karantar, ya kuma kira mutane zuwa gare shi.

Daga ina alƙali zai ci?

Alƙali mutum ne mai iyali. In ya wuni yana sauraren ƙara, ba zai je gona ba, ba zai je kasuwa ba. Musulunci bai kau da kai daga wannan ba. Lokacin da aka naɗa Sayyidina Abubakar (R.A.) halifa, sahabbai sun yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali don ya bar kasuwanci ya fuskanci al'amarin jama'a. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya yanka wa Alƙali Shuraihu na Kufa dirhami 100 a kowane wata.

Malamanmu sun rarrabe tsakanin abu biyu. Imamul Ƙarafi na Masar, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa *Alfuruƙu* cewa alƙali yana iya karɓar abin masarufi daga baitulmali, amma ba ya halatta a ɗauke shi ijara a kan hukunci. Na farko taimako ne daga dukiyar Musulmi baki ɗaya don ya samu sukunin tsayawa ga aikinsa, kuma ba ya ƙaruwa ko raguwa saboda wane ne ya ci shari'a. Na biyu kuwa ciniki ne, kuma da zarar hukunci ya zama abin ciniki tuhuma ta shiga. Wanda Allah Ya wadata, in ya bar albashin ya yi don Allah, wannan ya fi. Imamu Sahnunu, mai *Mudawwana*, ya daɗe yana ƙin alƙalancin Ƙairawan, sai a 234 bayan Hijira ya karɓa yana da shekara 74, bayan an yarda masa cewa hukuncinsa zai hau har kan dangin sarki. Bai karɓi albashi don kansa ba har ya rasu a 240, amma ya karɓar wa mataimakansa da marubutansa, domin ya san ba kowa ke iya abin da ya iya ba.

Rashawa kuwa babu saɓani a kan haramcinta, kuma hadisi ya zo da la'anar mai bayarwa da mai karɓa. Abin da ya fi ruɗin mutane shi ne kyauta. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani da Manzon Allah (S.A.W.) ya aika karɓar zakka, ya komo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin wannan, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya gani ko kyautar za ta zo masa. Saboda haka *Muhtasar* na Shehu Halilu ya hana alƙali karɓar kyauta ko da zai rama, sai daga makusancin dangi. Ya kuma nesanta shi daga saye da sayarwa a majalisar hukunci, da cin bashi, da halartar walima in ba ta aure ba. Shehu Magili ya ƙara da cewa abin da sarki ke karɓa don ya naɗa mutum alƙali haramun ne, domin wanda ya sayi kujera a kan talakawa zai fanshe kuɗinsa.

Mu lura da cewa shari'a ta kama al'amarin ta fuska biyu. Ta ɗora wa hukuma ta ƙosar da alƙali, ta kuma ɗora wa alƙali ya kame hannunsa. Shugaban da ya bar alƙali da yunwa yana da kaso cikin zunubin rashawar da za ta biyo baya. Amma yunwa ba ta zama hujja ga alƙali ba, domin wanda ya ga ba zai iya ba yana da damar ya ajiye aikin. Tarihi ya nuna hatsarin barin wannan ƙofa a buɗe. A ƙasar Hausa an saba da ushira, watau kashi ɗaya cikin goma da ake cirewa daga gado ko bashin da aka karɓo, kuma a wurare da dama daga irin wannan ne alƙalai ke ci, har zuwa lokacin da aka kafa baitulmalin gargajiya a farkon mulkin Ingilishi a arewacin Nijeriya aka yanka musu albashi. Duk inda abincin mai hukunci ya rataya ga girman dukiyar da ake jayayya a kanta, maraya da gwauruwa su ne ke shan wahala.

Alƙali da tuhuma

Allah Ya umurci muminai a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 135, da su tsayu da adalci ko da a kan kawunansu ne ko iyayensu ko danginsu. A Suratul Ma'ida, aya ta 8, Ya gargaɗe su kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa su bar adalci. Ayoyin nan biyu sun nuna ƙofofin da son zuciya ke shigowa ta cikinsu, watau soyayya da ƙiyayya. Malamai sun san cewa ko mai tsoron Allah zuciyarsa tana iya karkata bai sani ba, don haka suka toshe ƙofofin tun daga nesa.

Ƙa'idar ita ce, duk wanda ba a karɓar shaidarka a kansa don amfaninsa, ba ka yi masa hukunci. *Risala* ta Ibnu Abi Zaidin, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta bayyana cewa ba a karɓar shaidar abokin husuma, ko wanda ake tuhuma, ko ta ɗa ga iyayensa, ko ta miji ga matarsa. A kan wannan *Muhtasar* ya gina cewa alƙali ba ya hukunci ga wanda ba ya iya yi wa shaida, kamar mahaifinsa da ɗansa da matarsa, balle kansa. Sai ya miƙa shari'ar ga wani. Haka nan in ya yi hukunci a kan wanda ke da ƙiyayyar duniya tsakaninsu, ana warware hukuncin. Ba a jira sai an tabbatar ya yi zalunci, kasancewar alaƙar kaɗai ta isa.

Har ila yau, a mazhabarmu alƙali ba ya hukunci da abin da ya sani shi kaɗai, sai da shaida ko iƙrari ko rantsuwa, don kada wani ya ɓoye son ransa a bayan da'awar sani. Wajibi ne ya daidaita masu husuma wajen zama da kallo da saurare, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi wa Abu Musal Ash'ari wasiyya, kuma Shehu Halilu ya ce haka za a yi ko da ɗayansu Musulmi ne ɗayan ba Musulmi ba. Ba ya hukunci yana cikin fushi ko wani abin da ke ɗauke hankali. Kafin ya yanke kuma sai ya yi i'izari, watau ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka a kan shaidu. Waɗannan duka suna nan a *Tabsira* ta Ibnu Farhun da *Tuhfa* ta Ibnu Asim, littattafan da alƙalanmu suka gada.

Bayan Shehu

An ci Alƙalawa a 1808. Shehu ya koma Sifawa, Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga, shi ya sa ake ce masa Mai Boɗinga. Wajen 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. A waɗannan shekaru malaman biyu sun yi saɓani a rubuce a kan wasu mas'aloli, kamar laƙabin sarauta da kiɗa da tufafin ado. Shehu yana sassautawa, Abdullahi yana tsanantawa don tsoron kada mulkin Musulunci ya rikiɗe ya koma irin wanda aka kawar. Duk da haka bai taɓa fita daga biyayya da girmama yayansa ba.

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Aka yi wa Bello mubaya'a, kuma da Abdullahi ya iso ya tarar an rufe ƙofar gari, sai ya juya. Shi ne babba, shi ne waziri, babu kuma mai musun ilminsa, kuma abin ya yi masa zafi. Amma bai ɗaga takobi ya zama alƙalin kansa ba. Bayan ƴan shekaru, wajen 1821, masu tawaye suka yi ƙarfi a Kalambaina, Bello ya kawo wa baffansa gudummawa aka ci garin. Da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama shi, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sarautar Sarkin Musulmi. Da wannan aka kashe wutar da za ta iya cinye daular tun tana jaririya.

Daga nan ya bar yawancin harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan ɗan'uwansa Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da rubutu. Daga cikin abin da ya bari akwai tafsirinsa *Liya'ut Ta'awili*, da taƙaitaccensa *Kifayatu Lu'afa'is Sudan*, da *Albahrul Muhiɗ* a nahawu, da *Alhisnur Rasin* a sarfu, da *Liya'us Sulɗan* da *Liya'us Siyasat* a sha'anin mulki. Ya rasu a 1245 bayan Hijira, daidai da 1829, yana da shekara 65 a lissafin Hijira. Kabarinsa yana Gwandu.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu manta da cewa tsakanin Arewa da Gwandu akwai tarihin yaƙi ba. A 1849, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, Arawa da Zabarmawa da Dandawa sun mara wa Yakubu Nabame na Kabi baya, suka fita daga ƙarƙashin Gwandu. Wannan ya wuce. Abin da mashi bai tabbatar ba, allo da tawada sun tabbatar da shi, domin ga masallatai da makarantu a ko'ina cikin ƙasarmu. Mai hankali yakan karɓi gaskiya daga duk inda ta fito, kuma adalcin da muke magana a kansa shi ya wajabta mana mu ba wannan malami haƙƙinsa.

A yau dokar ƙasa ta ba sarakunan gargajiya da masu gari ikon sasanta mutane a kan gona da aure da gado, kuma a gidajen shari'a ana zaunar da masana al'ada da addini su taimaka wa alƙali a irin waɗannan shari'o'i. Dokar ta kuma yarda mai ƙara ya nemi a janye alƙalin da ke da dangantaka ko ƙiyayya da ɗayan ɓangarorin. Ke nan da yawa daga cikin masu sallar masallatanmu suna zama a mazaunin hukunci, ko limami ne ko mai unguwa ko dattijon da aka kira rabon gado. Duk abin da aka faɗa a kan alƙali ya shafe su gwargwadon hali.

Saboda haka muna kira ga malamanmu da shugabanninmu, in aka kawo muku shari'ar da ta shafi ɗanku ko surukinku ko wanda kuke gaba da shi, ku faɗa tun da farko ku miƙa ta ga wani. Wannan ba ya rage muku girma. In akwai wani abin da za a biya na tafiya ko na rubutu, a san shi tun kafin a zauna, a fili, kuma kada ya rataya ga wanda ya ci. Damin hatsi ko ɗan akuya ko goron da ya iso gida da dare alhali shari'a tana gaba, a mayar da shi, ko da an kira shi gaisuwa. Kada a duba cewa wannan manomi ne wancan makiyayi, ko wannan ɗan gari ne wancan baƙo, ko wannan yana salla wancan yana kan al'adar kakanni.

Muna kira ga jama'a kuma, mu daina lalata masu hukunci da hannunmu. Mai kai rashawa abokin tarayya ne cikin la'ana, kuma Annabi (S.A.W.) ya yi gargaɗi cewa wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya magana, yankin wuta aka yanka masa. Gonar da aka ci ta wannan hanya ba ta zama halal don an rubuta takarda. Mu kuma kula da limamai da malaman da ke ɓata lokacinsu wajen sasanta mu, mu taimake su daga asusun jama'a a lokacin da babu shari'ar kowa a gabansu. Haka nan ya wajaba ga hukuma ta biya alƙalai da mataimakansu abin da zai ishe su, a kan lokaci. Daga ƙarshe, kada mu tuhumi mai hukunci ba da hujja ba don kawai an kayar da mu, domin wannan ma zalunci ne.

Hadisi ya raba alƙalai kashi uku, biyu a wuta ɗaya a Aljanna, kuma wanda ya tsira shi ne wanda ya san gaskiya ya yi hukunci da ita. Allah Ya sanya masu hukuncinmu cikin wannan kaso. Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello da sauran magabatanmu, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.